Injin da Yake Mutuwa a Gaban Alhaji

A zamanin da na koyi aiki, inji da bakinsa yake gaya maka abin da yake damunsa. In ka tsaya kusa da shi da safe ka ji yana tari kafin ya kama, ka san iska ta shiga bututun mai. In hayaƙi ya fito baƙi wuluk, ka nufi nozul, bakin da yake fesa mai. In ya fito shuɗi-shuɗi, baƙin mai yake ci. Maigidana na farko a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani dattijon Bayarabe, dogon sukudireba yake dafawa a jikin inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, sannan ya nuna da yatsa ya ce a kwance nan. Ban taɓa ganin an kwance an tarar da wurin lafiya ba. Injin yanzu kuwa shiru gare shi. Ba tari, ba hayaƙi. In ya ga dama sai ya tsaya cak, ya rubuta maka lamba a wani ɗan gilashi da bai kai tafin hannu ba, ya bar ka da ita.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina bin injinan ɗaga kaya, waɗanda muke kira fokilif, masu ƙahonin ƙarfe biyu a gaba da ake zurawa ƙarƙashin kaya a ɗaga. Daga Apapa na koma Kwatano, inda na koyi Faransanci dole, don duk takardun aiki da shi ake rubuta su. Daga nan sai Jidda, inda na gane Larabcin da na karanta a zauren gidanmu daban, wanda ake yi wa lebura tsawa da shi daban. A Jidda na fara ganin masu aiki da batir, a jere cikin manyan ɗakunan sanyi inda ba a yarda hayaƙi ya taɓa abinci. Ban so su ba. Amma su ne abincina na shekara takwas, har na iya karanta lambobinsu kamar yadda ake karanta agogo. Na ƙare aiki a Fatakwal, na dawo gida Bauchi, na zauna a Fadaman Mada da niyyar na sallami sifana har abada.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda na girme shi da shekara goma sha biyu. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun yana yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa ubangidan da ba shi da ko akuya. Mutum ne siriri, marar nauyi, mai kunyar kowa a duniya ban da ni. Shi ne direban fokilif a wani babban siton taki da hatsi a hanyar Inkil, kuma ya fi shekara ashirin a kan kujerar nan.

Tsohon injinsa na sha ganinsa in na zo hutu. Mai shan gas ne, asalinsa kore, amma ya koma launin buhun masara. In ya tayar da shi, har mai shayin bakin titi ya san an fara aiki. Akwai wani wuri a gefen tanki da yake buga wa tafin hannu in injin ya yi nauyin tashi, kuma ya tashi. Na taɓa buɗe wurin don in ga me ke ciki, ban ga komai ba. 'Yan dako da ihu suke magana a cikin siton saboda ƙara, su fito da yamma hancinsu baƙi, suna dariya. Ni da na san illar hayaƙin nan a ƙirji ban kamata in yi kewarsa ba. Amma har yau in tsohuwar babbar mota roka ta wuce ni tana feso shi, sai in ji kamar an kira sunana.

Alhaji mai siton ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne a cikin gari, ya gaji wurin daga mahaifinsa, wanda shi ne ya ɗauki taubashina aiki. Ba mugun mutum ba ne, gaggawa ce da shi. Da gas ya yi tsada, sai ya shimfiɗa sola a rufin siton, ya sayar da tsohon injin ga wani mai gidan bulo, ya sayo mai batir, na hannu, wanda ya shigo ta Kwatano ba tare da littafinsa ba. Wannan a bakin damina ne, lokacin da manoman Tirwun da na Inkil suke jiran taki.

Wata Talata bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga taubashina a kan babur. Ya sauka bai zolaye ni ba, nan na san ba lafiya.

Na ce, “Ubangida, yau ba a neman bawa ne?”

Ya zauna a bakin tabarma ya cire hula ya riƙe. Ya ce, “Injin nan zai raba ni da aikina.”

Ya ba ni labari. Injin yana tafiya sumul, sai ya mutu a tsakiyar sito da kaya a sama. Gilashin ya nuna goma sha huɗu. Ya taka totur, shiru. Ya kashe makulli ya kunna, sai lambar ta koma ashirin da ɗaya. Ya sauko, a taru a kansa, wannan ya taɓa nan, wancan ya ja can, can kuma sai ya tashi don kansa kamar ba abin da ya faru. Abin da ya fi ci masa rai, kusan duk lokacin da ya mutu, Alhaji yana tsaye.

Ya ce, “Sai ka ce injin nan ya san Alhaji. In yini ina aiki lafiya, da ya sako ƙafa sai ya kwanta. Jiya ya ce mini tsohon hannu ba ya iya sabon abu. Ran Litinin tirelolin taki za su iso. Ya ce in aka kai ranar a haka, akwai wani direba a Jos da ya saba da irinsa.”

Na ce, “To ka huta mana, ka zo mu riƙa zama nan muna ƙirga masu wucewa.”

Ya dube ni. Ya ce, “Kai ka zaga duniya, bawa. Ni abu ɗaya na iya.”

Washegari da safe na kakkaɓe tsohuwar mitata ta gwajin wuta na tafi.

A siton na tarar da wani mai shagon batura da kayan sola, mutumin Kudu wanda ya fi shekara talatin a Bauchi, shi ya haɗa wa Alhaji wurin caji. Ya riga ni duba injin sau biyu. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, “Baba, sannu da zuwa. Batir ɗin ba ta da laifi, na auna shi gida-gida. Na wanke kai, na ɗaure, na zuba ruwan batir mai kyau. Ni na hau, na zaga sito sau goma, bai mutu ba. Wannan mota yana zaɓen mutum.”

Na duba aikinsa, na ga mai tsabta ne, ba abin da zan ƙara. Alhaji kuwa ya tafi Kano, sai Juma'a zai dawo.

Na ɗaga murfin da kujera take kai, wanda ya rufe batir. A cikinsa, ƙarƙashin ƙura da maiƙo, akwai takarda manne. Na goge ta da tsumma, sai ga jerin lambobi, kowace da bayaninta da Faransanci. Na ji daɗi irin na wanda ya gamu da tsohon maƙwabci a baƙon gari. Goma sha huɗu ta ce layin kujera a buɗe yake. Ashirin da ɗaya ta ce an kunna inji ba bisa tsari ba.

Na yi musu bayani. A ƙarƙashin kujerar irin wannan inji akwai ɗan makunni. In mutum ya zauna, nauyinsa ya danna shi, ƙwaƙwalwar injin ta san akwai direba. In makunnin ya saki ana cikin tafiya, sai ta yanke wa tayoyi wuta. Ba za ta mayar ba sai an zauna, an ɗage ƙafa daga totur, an mayar da libar giya firi, sannan a sake sawa. Wanda ya kashe makulli ya kunna alhali liba tana gaba, shi zai ga ashirin da ɗaya. Ita ta biyun na gane ta nan take: taubashina in ya ruɗe ba ya tunawa da liba, sai in wani cikin masu taɓe-taɓe ya ture ta firi bai sani ba, injin ya tashi. Na koya masa wannan, ya maimaita sau uku.

Saura ta farkon. Na danna maɓallan gilashin na shiga inda injin yake ajiye tarihin laifuffukansa. Goma sha huɗu, ashirin da ɗaya. Goma sha huɗu, ashirin da ɗaya. Haka suka jeru bibbiyu har ƙasa. To me yake buɗe layin kujera?

A Kwatano, in ka ga wannan lambar, gishirin iskar teku ne ya ci bakin waya. A Jidda, zafi ne ya busar da robar waya ta tsage a inda murfi yake lanƙwasa ta. A Fatakwal, ruwa ne, kullum ruwa. Da waɗannan na zo a kaina, su na shiga nema. Na bi wayar daga kujera har akwatin ƙwaƙwalwa, ina lanƙwasa ta taƙi-taƙi, mita a hannu. Lafiya lau. Na zare mahaɗinta na duba, ba tsatsa. Na danna makunnin da hannu, mita ta yi ƙara, na saki ta yi shiru, yadda ya kamata.

Sai na ga bokiti da soso a gefe. Na ce, “Kai, wanke shi kake yi?”

Ya ce, “Kullum da safe. Haka nake yi wa tsohon.”

Na hau shi da faɗa a gaban 'yan dako. Na ce wannan ba jaki ba ne da za a kai rafi, ruwa ne yake shiga ƙarƙashin kujera. Ya sunkuyar da kai. Na sa aka sayo sabon makunni a shagon mutumin nan na canza, na naɗe mahaɗin da salatif, na hana wanki. A raina na gama aiki. Hana wankin daidai ne, amma faɗan nan har yau yana damuna, domin ba ruwan ne ya jawo ba.

Sauran yinin Laraba da Alhamis na zauna a kan benci ina kallonsa yana aiki. An yi ta yayyafi, ba wanda ya zo sai direbobin a-kori-kura da 'yan dako, duk sa'o'in 'ya'yansa. Injin bai ko yi tuntuɓe ba. Ya riƙa wuce ni da buhuna a sama yana ce mini, “Bawa, matsa da ƙafarka, kada in kwashe ka in jera a kan masara.”

Na ce, “Ka fara ɗaga kanka tukuna, iska ma ta fi ka nauyi.”

Mai shagon batura ya leƙo da yamma ya ce, “Baba, kin gyara ta!” Na karɓi yabon ban yi musu ba.

Ran Juma'a da hantsi na je don in miƙa wa Alhaji injinsa da hannuna. Gari ya washe. Ina kan benci da kofin shayi, taubashina ya ɗauko jerin buhunan shinkafa daga ƙuryar sito ya nufo ƙofa a hankali. Motar Alhaji ta tsaya a waje. Ya fito yana gyara babbar riga, ya sako kai.

A nan na ga abin. Taubashina ya ɗaga jikinsa daga kujera kamar taƙi guda, ya ranƙwafa, hannun hagu a sitiyari, na dama a ƙirji, ya ce, “Barka da sauka, Alhaji. An dawo lafiya?” Bai kai ƙarshen gaisuwar ba injin ya tsaya cak. Buhunan suka yi rawa a sama suka daidaita.

Alhaji ya dubi injin, ya dube ni. Ya ce, “Malam, wannan ne gyaran?”

Ni kuwa dariya ce ta kama ni har shayi ya zube mini a riga. Na taso na leƙa gilashin. Goma sha huɗu.

Na ce wa taubashina, “Me ka yi yanzun nan?”

“Ban yi komai ba. Wallahi ban taɓa komai ba.”

“Ka tashi.”

“Ina na tashi? Ga ni a zaune.”

“Da Alhaji ya shigo, ka miƙe ka gaishe shi.”

Ya ce, “To, gaisuwa ce ai. Wannan ma tashi ne?”

Bai san yana yi ba. A gidan da muka tashi, ni da shi, ba a gaida babba daga zaune, balle kana bisa abin hawa shi yana ƙasa. Kawuna, mahaifinsa, in yana kan keke ya hango dattijo, tun daga nesa yake sauka ya turo shi. Ɗansa ba ya iya sauka daga fokilif sau talatin a yini, sai jikinsa ya samo tsaka-tsaki: ya ɗan ɗaga, ya ranƙwafa, injin yana ci gaba da rarrafe. Shekara ashirin yana yi wa tsohon injin haka, injin kuwa bai san akwai mutum a kansa ba ma, balle ya san ya tashi. Mai shagon batura da ya zaga sau goma, zama ya yi daram, ba wanda ya gaisar. Ni kuma da na kwana biyu ina gadi, ni ne mutum ɗaya tak mai furfura a Bauchi da ba zai taɓa ɗaga mini ba.

Na sa shi ya mayar da liba firi, ya zauna sosai, ya sake sawa. Injin ya tafi. Na ce ya ɗaga kamar zai gaida ni. Ya ce Allah ya kiyaye ya gaida bawa. Na ce to ya gaida Alhaji. Ya ɗaga, injin ya tsaya. Muka yi haka sau uku, 'yan dako suna tafi.

Na ga kunya ta kama Alhaji, don ya gane duk ranakun da ya yi ta faɗa, girmama shi ake yi injin yake mutuwa. Da ya buɗe baki sai ya ce, “To ai da sauƙi. Malam, cire abin. A haɗe wayoyin biyu, inji ya ɗauka kullum akwai mutum.”

Taubashina ya ce, “Yauwa. Haɗe su, bawa. Aikin minti biyu ne.”

Gaskiyarsu, bai ma kai minti biyu ba. Na ce ba zan yi ba.

Na gaya musu abin da na gani a Jidda. A wani ɗakin ajiya an haɗe wayoyin kujera don direbobi sun ce tana ɓata musu lokaci. Wata rana direba ya ga kwali zai zamo, ya diro don ya tare, hannun rigarsa ya ja liba, totur kuma bai gama dawowa ba. Injin ya tafi ba kowa a kansa. Mai batir ba ya ƙara, ba wanda ya ji zuwansa. Wani abokina, mutumin Sudan, yana tsugune yana ɗaure kaya, injin ya matse masa ƙafa da bango. Ni na kai shi asibiti. Ya rayu, amma da sanda ya koma ƙasarsu.

Na ce, “A nan 'yan dako ba takalmi suke sawa ba, kuma a ƙasa suke zama su ci abinci. In kuna so a haɗe, ku nemi wani.”

Alhaji ya juya ga mai shagon batura, wanda ya iso ana cikin maganar. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, “Alhaji, ni ma ba zan taɓa ba. Abin da Baba ta faɗa gaskiya ne.”

Alhaji ya ce wa taubashina, “To ka ji. Ni na yafe, kada ka ƙara tasar mini. Amma ran Litinin tirela huɗu ne, kuma rabin dattawan Tirwun za su zo karɓar taki. In za ka tasar wa kowa, kwana za mu yi ba mu sauke ɗaya ba. Ka yi shawara da kanka.”

Bayan sallar Juma'a muka dawo tare da taubashina a ƙafa. Can ya ce, “Wato in zauna kamar hakimi, baban wani yana tsaye a ƙasa, in ɗaga masa hannu?”

Na ce masa a Kwatano direba da ka yake gaisuwa, ba mai jin haushi. A Jidda daga kan kujera ake jefo sallama da ƙarfi, a amsa da ƙarfi, a wuce. Yarabawan Apapa da suke kwanciya ƙasa don gaida babba, su ma in suna kan inji hula kawai suke taɓawa.

Ya ce, “Su ke nan. Ni Baba yana kabari, amma ji nake yana kallona.”

Ni kaina ban tabbata ina so ya daina ba. Ɗagawar nan tasa irin ta mahaifinsa ce sak, har yadda yake karkatar da kai.

Ran Asabar da Lahadi ya yi ta gwaji a sito. Ya roƙi mai gadi, wanda dattijo ne, ya riƙa shigowa yana fita. Sau biyar na farko duk ya tasar masa. Mai gadin ya ce, “Kai dai zauna, ɗana, ni na gaji da kashe maka mota.” Daga baya ya samo dabara: in ya hango babba sai ya danna bayansa a jikin kujera da ƙarfi, ya cire hannun dama ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai kaɗai. Fuskarsa kamar mai haɗiyar maɗaci.

Litinin tun da sassafe tirelolin suka jeru a bakin titi. Manoma suka cika harabar, da babura da amalanke. Na zauna a bencina. Taubashina ya sauke tirela ta farko, ya shiga ta biyu. Dattawa suna ta shigowa, yana dafa ƙirji yana cewa, “Sannunku, Baba, a gafarce ni, injin ne ba ya son a tashi.” Wasu suka yi dariya. Wani tsoho ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce bai amsa ba. Na ga abin ya soke shi, amma bai ɗaga ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka shigo da wani tsoho a bayan babur, aka sauke shi a hankali. Malamin da ya koya wa taubashina karatun allo ne, aminin kawuna, ya haura tamanin, yana da 'yar gona a Tirwun. A daidai lokacin taubashina ya fito da baya daga gindin tirela, buhunan taki jere a sama sun fi tsayin mutum, 'yan dako biyu suna gefensa. Ya waiwaya, suka haɗa ido da malamin.

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Na ga gwiwarsa ta fara miƙewa. Sai ya koma ya danne. Ya dafa ƙirji, ya ci gaba da baya, ya juya, ya shiga sito, ya sauke kayan a inda ake jerawa, ya zare ƙahonin. Sannan ya mayar da liba firi, ya ja hambirki, ya kashe makulli, ya sauko. Ya tako har gaban tsohon, ya cire takalmi, ya durƙusa.

Ya ce, “Allah gafarta Malam, na gan ka ban tashi ba.”

Tsohon ya dafa kansa. Ya ce, “Na ga kaya a kanka ai. Da ka tashi ka zubo wa yaran nan, da ni da kai za mu yi faɗa. Koma bakin aikinka, a ba ni buhuna biyu in tafi.”

Alhaji yana tsaye a bakin ofis, yana gani, bai ce a yi sauri ba. Kafin la'asar an sauke tirela huɗu, gilashin bai nuna ko lamba ɗaya ba. Da za mu tafi Alhaji ya ce wa taubashina, “Gobe da wuri, akwai masara da za a fitar.” Maganar direban Jos ba ta sake tasowa ba.

A hanya ya goya ni a babur. Na ce, “Ubangida, yau ka zama bature.”

Ya ce, “Rufe mini baki, bawa, ko in sauke ka a nan ka taka.”

Yana nan a siton har yanzu. Ya iya shiga tarihin injin da kansa, ya haddace lambobi bakwai ko takwas, wani lokaci ma shi ake kira wani sito in nasu ya tsaya. Mutum uku ko huɗu ne a garin nan da yake kashe inji ya sauko dominsu. Sauran duk daga zaune yake gaishe su, su ma sun saba, sun daina jira ya tashi. Ɗagawar nan da ranƙwafawa da ya gada daga kawuna, tun ranar Litinin ɗin nan bai sake yin ta ba, kuma ban ƙara ganin wani yana yin ta ba.